Tsakin da Aka Yi wa Sufeto a Ajin Ijja

Ni ce Tuda, yayar Ijja, kuma ni na goya ta, don haka duk mai son ba da labarinta sai dai ya biyo bayana. Yanzu in mutane suka gan ta cikin farar rigar malamai tana zuba a gaban allo, sai su ce ai dama da bakinta aka haife ta. Ƙarya suke yi. A ƙauyenmu na kan dutse Bebiya ake ce mata har ta fara zama budurwa, kuma a gaban idona aka kulle bakin nan.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce a gefen hanya, manya da ƙanana duk a cuɗe. Na riga ta shiga, amma ban da sanyi babu abin da na tsinta a ciki. Malamin da aka turo mana, Si Abdulhak, ɗan birni ne daga bakin teku, saurayi mai gogaggen takalmi. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Tashalhit, yarenmu, mu kuma Larabcinmu bai wuce Fatiha da 'yan gajerun surori ba. Haka muke wuni, yana magana muna kallon bakinsa. In ya ɗaga murya a ƙarshen zance mu ce, “Na'am, Ustaz.” In bai ɗaga ba mu yi shiru.

Gidaje ne ke ciyar da malami bi da bi, kamar yadda ake yi wa liman. Ranar da abin ya faru layi ya zo kan gidan Kawu Bihi. Aka kawo burodin sha'ir mai zafi da ɗan man shanu ƙunshe a tsumma, aka ajiye masa a bakin taga. Malam ya ɗan kewaya baya. Sai ga akuyar gidan Kawu Bihin, wata jar shaiɗaniya mai karyayyen ƙaho, ta biyo abincin gidansu. Ta ɗora ƙafafu a taga ta sure ƙunshin har da tsumman, ta ƙara gaba. Duk ajin mun gani, muka yi dariya har da riƙe ciki.

Malam ya dawo babu burodi. Ya ɗauki sandar zaitun da yake nuna allo da ita, ya dinga faɗa, ya nuna taga ya nuna mu. Mun gane tambayar sarai, wa ya ci. To amma wa ya san sunan akuya da Larabci? Wani yaro ya yi ta maza, ya ɗora yatsu biyu a ka ya ce “meee,” nan take ya sha sanda, don an ɗauka tsokana ce. Daga nan kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Ijja kuwa kwanakinta na farko ke nan a makaranta. Ta tako tun daga gida cikin rana, ƙishirwa ta ishe ta, ba ruwanta da wani burodi. Da ta ga an yi tsit sai ta ɗauka dama ce ta samu. Ta ɗaga ɗan yatsanta kamar yadda na koya mata, ta ce, “Aman, Ustaz.”

Aman a wurinmu ruwa ne, ruwan sha, babu wata ma'ana bayan wannan.

Malam ya juyo. Ya sauke sanda, ya zo ya tsaya a kanta ya harɗe hannu yana jira. Ita ma tana jira. Da shirun ya yi yawa ta sake cewa, “Aman.” Ya yi magana mai tsawo, ta ce, “Aman.” Ya nuna mata ta miƙo hannu. Allah sarki, sai ta miƙa duka biyu a haɗe, yadda muke yi a bakin marmaro in za a tsiyaya mana ruwa. Ya zuba mata sanda a ciki. Na miƙe na fasa ihu da yarenmu, ni ma na samu rabona. Shekaru sun tafi, na yi aure na fito, amma har yau in na tuna hannuwan nan biyu a haɗe raina ɓaci yake yi.

Tun daga ranar Ijja ba ta ƙara buɗe baki a makaranta ba. A gida tana magana da Inna, tana magana da awaki, da ni ma har faɗa muke yi. Amma da ta taka ƙofar aji sai kulle. Ko ruwa ba ta sha a can, ta riga ta sa a ranta cewa neman ruwa a makaranta babban laifi ne. Yara suka laƙa mata Bebiya, manya suka ɗauka. Baba ya ce a bar ta a gida ta taya Inna, tun da abin bai karɓe ta ba. Inna ta ce, “A'a, Maigida, ta je. Bakin ne a rufe, kunnen ai a buɗe yake.”

Inna ce ta yi gaskiya. Si Abdulhak ya samu canji ya koma bakin tekunsa, wasu malamai suka zo suka tafi, ni na bar makaranta na koma ɗibar itace, Ijja tana nan tana saurare. In an ce ta tashi ta karanta sai ta daskare, in an ce ta rubuta sai ta wuce kowa. Da rubutun nan ta haye har aka kai ta sakandare a garin da ke gindin dutse, inda akwai gidan kwanan 'yan mata.

Wani hutu ta dawo, muna zaune gindin goro... a'a, gindin itacen almond na bayan gida, ina fasa ƙwaya da dutse, ita tana karatun wani littafin tatsuniyoyin Larabci. Ba zato sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya. Kafin in tambaya dariyar ta koma kuka, hawaye shaɓe-shaɓe.

Na ce, “Ke, lafiyarki? Aljanun boko ne suka tashi?”

Ta ce, “Yaya Tuda, saurara.” Ta fassara mini. Wai an kawo wani mutum gaban sarki ana tuhumarsa, sai ya ce, ka ba ni aman in faɗa maka gaskiya. A Larabci aman alkawari ne cewa ba za a taɓa ka ba in ka amsa laifinka. Ta ce, “Kin gane? Ɗauka ya yi ni na ci burodin! Ya zaci sassauci nake nema kafin in amsa. Shi ya sa ya sauke sanda ya tsaya jira. Yana jiran in faɗi laifi, ni ina jiran ruwa.”

Na ce, “To sai me? Ni dai Allah ya isa, ban janye ba.”

Ta share fuska ta ce, “Yaya, duk shekarun nan ina zaton akwai wani mugun abu a jikina da ya gani ya tsane ni. Ashe babu komai. Kurma ne shi a yarenmu, mu ma kurame ne a nasa, bambancin kawai shi ke riƙe da sanda.”

Wallahi a ranar na ga ƙanwata ta sauke kaya. Ta ci abinci kamar wadda ta dawo daga noma. Muna wanke kwanuka ta ce mini ita malama za ta zama. Na ce, “Ke ɗin? Ke da ko ina kwana ba ki taɓa ce wa malami ba?” Ta ce ai shi ya sa. Ta ce duk yaron da ya yi wani abu a gabanta, sai ta tambayi abin da yake nufi kafin ta yanke masa hukunci, ko da abin ya yi kama da zagi. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da cuɗa tukunyata, don ban ɗauka da gaske take ba.

Da gaske take. Bakin ya fara buɗewa kaɗan-kaɗan, ta yi jami'a a Agadir, ta ci jarrabawar shiga aikin koyarwa, aka yi mata horo. Mu duk mun sa rai kan duwatsunmu za a turo ta, ta koyar da yaran da take jin yarensu. Ina! Can kudu aka jefa ta, bakin Sahara, wani ƙauyen masu raƙuma da suka ajiye tantuna suka gina ɗakuna. Larabcinsu Hassaniyya ne, wanda bai yi kama da na littafi ba, bai yi kama da na birni ba. Baba ya ce budurwa ba za ta zauna ita kaɗai a uwa duniya ba. Aurena bai daɗe da mutuwa ba a lokacin, sai aka haɗa ni da tukwane da barguna aka ɗora a mota.

Ranar farko ta manta da kwalin allinta a gida, na bi ta da shi. Ina isa ƙofar aji na ji ta tambayi wani yaro, “Kai ne Mahfuz?” Yaron ya sunkuyar da kai, ya taɓa harshe da gefen baki ya yi ƙwas. A wurinmu jaki ake yi wa wannan, in kuwa ka yi wa mutum to tsaki ne, ka nemi faɗa. Har na sunkuya zan zare takalmi. Na ga fuskar Ijja ta canza. Ta ja numfashi, ta wuce yaro na gaba. Shi ma ƙwas. Na gaba ma haka. Na ce a raina tirƙashi, mun faɗo garin marasa kunya.

Ana tashi ba ta ko cire farar rigar ba ta shiga wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Lalla Minatu, ta kwatanta mata sautin ta tambaye ta. Tsohuwa ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ce, “'Yata, ai i ke nan suka ce miki! Ɗan da ya samu tarbiyya ba ya wage baki a gaban babba. Ya sunkuyar da kai ya yi haka, shi ke nan ya amsa.”

Ijja ta dawo gida ta zauna daɓas a kan tabarma. Ta ce, “Yaya Tuda, kin ga? Saura ƙiris yau in zama Si Abdulhak.” Na ce ni ai na riga na zama, takalmi kawai ya rage in jefa.

Daga nan ta maida yawon gidaje sana'a. Kullum da la'asar tana gidan wani ɗalibinta, tana shan shayinsu mai cin rabin wuni, tana kwaikwayon maganarsu suna yi mata dariya. Ni ma a zaman nan na tsinci Larabcin da nake jin magana da shi, na gida da na littafi. A aji ta kafa doka, kowace safiya yaro ɗaya zai koya mata kalma ta gidansu, ita kuma ta biya shi da irinta ta littafi. In ta faɗa ba daidai ba su gyara mata da ihu. Hedimasta, Si Bushaib, dattijo mai kirki amma matsoraci, yakan leƙo ya ce, “Malama, wannan aji ne ko kasuwar awaki?” Amma shi ma ya ga yaran da ke gudun makaranta sun fara zuwa tun kafin a buga ƙararrawa.

Sai dai sabuwar malama ba ta cika malama ba sai sufeto ya zo ya zauna a ajinta, ya ga darasi da idonsa, ya sa hannu. Zuwan farko abin bai yi kyau ba. Ijja na ganin baƙon mutum a bayan aji da takardu a cinya, tsohon ciwon ya taso. Ta buɗe baki, babu murya. Darasi ya watse, yara suna kallonta tana kallonsu. Aka ce an ba ta dama ɗaya da ta rage, in ta sake faɗuwa sai ta tattara. Ba mu faɗa wa Baba ba. Ni kuwa na san abin da ke jiranmu a kan dutse in muka koma da tukwanenmu: ai dama mun faɗa, yaushe Bebiya za ta koyar da 'ya'yan mutane. Da na tuna bakin matan ƙauyenmu sai abinci ya fita raina.

Zuwa na biyu sabon sufeto aka turo, Si Tuhami, wanda bai daɗe da saukowa daga arewa ba. Tun saura kwanaki Si Bushaib yake ta horar da yara, ku harɗe hannu, ku amsa da cikakken Larabcin littafi. Ya kira Ijja gefe ya ce, “Don girman Allah, Malama, yau ɗaya dai. Ban da yaren gida, ban da wannan ƙwas-ƙwas ɗin. Mutumin nan an ce ba ya wasa.” Ni kuma aka bar ni da girki, don wadda ake yi wa jarrabawa ita ke ciyar da baƙi. Na ɗora tajin, dahuwarmu ta tukunyar ƙasa, na naman ɗan akuya tun da safe, na haɗa shayi, na ɗauki tire na je na laɓe ƙarƙashin tagar aji. Wanda ya ce in koma gida ma ɓata bakinsa zai yi.

Sufeto dogo ne, mai gilashi, fuska babu annuri. Ya zauna a baya da Si Bushaib. Ijja ta yi bisimilla ta fara, muryarta tana ɗan rawa amma tana fita. Labarin wani makiyayi ne da ya ɓatar da rago. Ta karanta, yara suka bi, ta yi tambaya, yatsu suka tashi. Na ce alhamdu lillahi, yau kam mun tsallake.

Sai mutumin nan ya miƙe ya fara zagaya tsakanin bencina. Duk yaran da ke ɗaga yatsa bai ga ko ɗaya ba, sai ya je ya tsaya kan Galiya. Galiya 'yar mitsitsiya ce, ubanta yana bin raƙuma, a tsakiyar shekara aka kawo ta daga jeji, kwanan nan ne ma ta fara yarda ta haɗa ido da Ijja. Ya ce, “Ke, kin gane abin da Malama ta karanta?”

Yarinya ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ƙwas.

Innalillahi. Sufeto ya cire gilashi ya ce, “Me na ji? Ni kika yi wa tsaki?”

Baiwar Allah ba ta gane maganar ba, ta dai ji babba ya yi tambaya da faɗa, kuma ba a ce wa babba a'a. Ta ƙara sunkuyawa ta sake yi. Ƙwas.

Sufeto ya juya wurin Ijja ya ce, “Malama, tarbiyyar ajinki ke nan? To ina kallo, in ga yadda za ki yi.” Daga bayansa Si Bushaib yana ta yi mata alama da ido yana nuna bango, wato ta tsayar da yarinyar can ta juya baya, a wuce wurin. Ni ma abin da nake so ke nan, ba zan ɓoye ba. Tsayuwar bango ai ba ta kashe kowa, aikin ƙanwata kuwa yana hannun mutumin nan.

Na kalli Ijja. Leɓɓanta suna motsi, babu sauti. Na ce shi ke nan, ya sake kullewa. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Sai na ga ta tako a hankali ta zo ta dafa kafaɗar Galiya. Ba ta kalli sufeto ba. Ta dubi yara ta yi magana da Larabcin littafi, ta maimaita da yarensu. Ta ce, “Yara, in kaka ta tambaye ku kun ƙoshi, kuma kun ƙoshi, me kuke yi?”

Ajin gaba ɗaya ya ɗauka, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar an watsa wa kaji tsaba.

“In babban baƙo ne ya tambaye ku a gaban babanku fa?”

Duk suka sunkuyar da kai suka sake yi, wannan karon a hankali.

“Madalla. To littafi fa, yaya yake cewa?”

Suka haɗa baki, “Na'am!”

Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar ta ce, “Galiya, kin amsa da ladabi, na ji. Amma baƙonmu daga nesa yake, irin na littafi yake ji. Ba shi irin nasa.”

Can wata 'yar siririyar murya ta ce, “Na'am, Ustaz. Na gane.”

Na zaci zai yi murmushi. Ko alama. Ya maida gilashinsa ya ce, “To me kika gane?” Galiya ta kalli Ijja, Ijja ta gyaɗa mata kai. Yarinya ta fara ba da labarin makiyayi da ragonsa, kalma ɗaya ta littafi, uku na gida. Da ta ga ba a katse ta ba sai ta saki jiki, har ta ƙara da cewa laifin makiyayin ne, wa ke barin rago a baya ba tare da ya duba sawu ba. Ijja ta ƙyale ta ta kai ƙarshe, tana ɗauko kalmomin gidan ɗaya-ɗaya tana rubuta na littafi a allo. Kafin a farga lokaci ya ƙare. Rabin darasin da ta kwana tana shiryawa ko taɓa shi ba a yi ba.

Suka shiga ofishin hedimasta suka turo ƙofa. Na jira, na jira, shayi ya huce. Na ce yau ko za a kore ni da sanda sai na shiga. Na tura ƙofa da ƙafa na yi sallama, na fara jera kofuna ɗaya-ɗaya kamar mai ciwon hannu.

Na tarar yana lissafa mata laifuffuka. Ba ta kula da lokaci ba. Allo ya cika da rubutu babu tsari. Ta shigo da yaren gida a darasin Larabci. Ta bar abin da ta rubuta za ta koyar ta kama wani. Duk wanda ya faɗa sai ta ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Ni ina tsiyaya shayi ina ji kamar in juye masa butar a cinya.

Ya ce, “Haka ne, haka ne. Ba ki da abin cewa sai haka ne?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, darasin zan iya ƙarasa shi gobe. Yarinyar kuwa in na tsayar da ita a bango yau, ban san ranar da za ta sake buɗe baki ba.”

Ya dube ta ta saman gilashi. Si Bushaib ya duƙufa kallon takalminsa. Sufeto ya ja takarda ya yi ta rubutu, ya yi ta rubutu, na ce wannan ko wasiyya yake bari. Sannan ya ce, “Makinki ba zai yi daɗin gani ba, Malama. Ki gyara maganar lokaci, da gaske nake.” Ya sa hannu a ƙasan takardar, ya tura wa hedimasta. “Amma kin haye.”

Ban san sanda na ce “Alhamdu lillahi!” da ƙarfi ba, har Si Bushaib ya zabura. Sufeto ya kalle ni ya ce wace ce wannan. Na ce, “Mai shayi ce, ranka ya daɗe, sha kafin ya ƙara hucewa.” Ya kurɓa, ya ɗan yi gyaran murya, ya rage sauti ya ce wa Ijja, “In za su ce a'a fa, yaya suke yi? Akwai sauran makarantu a gabana a yankin nan.” Ta nuna masa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin sukari. Da aka kawo tajin kuwa ya ci da gaske, har ya sa burodi ya share miyar. Na yafe masa rabin abin da ya yi.

Motarsu ta tashi, muka nufi aji don Ijja ta ɗauki jakarta. Lokacin tashi ya wuce tuni, amma ko yaro ɗaya bai tafi ba. Suna zaune a harɗe da hannu yadda hedimasta ya koya musu. Iyaye mata sun taru a bakin ƙofar makaranta cikin mayafansu, don labari ya riga ya zaga gari cewa an yi wa babban mutum abin da bai so ba.

Galiya ba ta kan bencinta. Tana can ƙarshen aji a tsaye, ta juya baya, goshinta a jikin bango.

Ijja ta ce, “Galiya, wa ya tsayar da ke nan?”

Ba ta juyo ba ta ce, “Ni ce.”

“Don me?”

“Don kada su kore ki.”

Na juya na fuskanci taga, don kada yaran mutane su ga babbar mace tana kuka. Ijja ta je ta kamo kafaɗunta ta juyo da ita. Ta ce, “Babu mai korata. Ina nan.”

“Har gobe?”

“Har gobe. Kuma goben ke za ki fara karatu, tun da ke kika cinye mana lokaci yau da surutu.”

Yarinya ta tsaya tana duban fuskarta, tana so ta tabbatar ba wasa ba ne. Sai ta figi jakarta ta ruga waje tana shela wa matan bakin ƙofa cewa Malama tana nan, Malama tana nan. Sauran suka bi ta a guje, suna ture bencina.

Aji ya rage daga ni sai ita. Ijja ta zauna a kan ɗan bencin Galiya, gwiwoyinta sun kusa taɓa ƙirji, farar rigar duk alli. Ta ce, “Yaya Tuda, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.”

Na ajiye tire na zauna kusa da ita. Na ce, “Yi zamanki, Malama. Ai babu inda za mu.”